Aiki Ya Yi Yawa Amma Riba Ba Ta Zauna Ba: Muhawara Kan Tsari a Sana'ar Zayyana

Baban Amira

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu sana'a. Shekarata huɗu ke nan ina zayyana a kwamfuta, ina yin tambari da fosta da katin kasuwanci da zanen kwalin kaya, kuma ban taɓa yin mako guda babu aiki a hannuna ba. Abin da ya dame ni shi ne, da na zauna a ƙarshen shekarar da ta wuce na lissafa abin da ya shigo da abin da ya fita, sai na tarar kusan babu abin da ya rage, alhali akwai watannin da a gaban kwamfuta nake kwana. Wani abokina da ya karanci harkar kasuwanci ya ce rashin tsari ne matsalata, wai in zauna in rubuta inda nake so sana'ata ta kai nan da shekara uku. Ni kuwa a ganina mai zayyana bai san wanda zai nemi aikinsa gobe ba, don haka ban ga abin da rubutu a takarda zai canza ba. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a aikin nan. Shin tsari yana da amfani na zahiri ga mutumin da ke aiki shi kaɗai, ko kuwa magana ce ta manyan kamfanoni?

Malam Mai Tambari

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka kai ga maganar shekara uku, ina so ka ɗauki ayyuka goma na ƙarshe da ka yi, ka duba sau nawa aka maido maka kowane ɗaya domin gyara, sannan ka tambayi kanka ko an biya ka kuɗin waɗannan gyare-gyaren. Ina kyautata zaton a nan ribarka ta zube.

Tsarin da ya fi amfanar mai zayyana shi ne wanda ake yi kafin a kunna kwamfuta. Na koyi wannan ne da wahala. Shekarun baya wani mai kamfanin dakon kaya ya ba ni aikin tambari, abin da ya ce mini kawai shi ne yana son abu na zamani mai ɗaukar ido, ni kuma don ɗokin samun aikin ban ƙara tambayarsa komai ba. Sau goma sha ɗaya na gyara wannan tambari. Duk lokacin da na kai masa sai ya yaba, bayan kwana biyu kuma ya dawo da sabuwar magana, yau a canza launi, gobe a ƙara hoton mota, jibi a cire ta. Sai a karo na tara na gano cewa yana da abokin tarayya wanda ban taɓa gani ba, kuma shi ne mai yanke hukunci, shi wannan da nake magana da shi ɗan aike ne kawai. Tun daga ranar ban sake karɓar aiki ba sai na ji wa ke da ta cewa a ƙarshe, su wane ne masu sayen kayan, a ina za a yi amfani da zanen, da kuma abin da mai aikin yake so ya canza a kasuwancinsa idan zanen ya fita. Nakan rubuta amsoshin a shafi guda in aika masa ya amince kafin in ja layi ko ɗaya. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane, kuma babu sana'ar da wannan magana ta fi dacewa da ita irin tamu.

Maman Khalil

Na yarda da Malam, amma zan ƙara wani abu daga ɓangaren lissafi. Baban Amira, ka ce ba ka san wanda zai zo maka gobe ba, wannan gaskiya ne, sai dai ka san waɗanda suka zo jiya, kuma su ne za su nuna maka hanya. Na taɓa ɗaukar wata uku ina rubuta awannin da kowane aiki ya ci, har da lokacin amsa waya da na jiran saƙo da na neman hoto mai kyau saboda wanda aka turo mini ya dushe. Sakamakon ya ba ni mamaki. Ƙananan fostoci na gaggawa, waɗanda nake ɗauka su ne ke riƙe da ni saboda kullum suna shigowa, sun cinye mafi yawan lokacina, kuɗin da suka kawo kuwa bai kai na ayyuka biyu na zanen kwalin kaya da na yi a wannan tsakani ba. Ban daina yin fosta ba, amma na daina barin ta tana ture babban aiki gefe.

Abubuwa biyu na sa a cikin yarjejeniyata tun daga lokacin. Rabin kuɗi kafin alƙalami ne, ba na fara aiki sai ya shigo, kuma gyara sau biyu ne a cikin kuɗin da aka yi ciniki, na uku yana da nasa kuɗin. Wasu sun gudu da suka ji haka, kuma da na duba sai na ga yawancinsu su ne waɗanda dā ma suka fi wahalar da ni wajen biya.

Abu Yasir

Malam da Hajiya, ku yi mini afuwa, zan ɗan saɓa muku. Maganar yarjejeniya da kafin alƙalami ba ni da ja a kanta, wannan kare kai ne. Amma idan ana nufin dogon nazari da tarurruka su ne ke haifar da zane mai nasara, tarihin sana'ar nan bai goyi bayan haka ba. A watan Oktoba na 2010 kamfanin tufafi na Gap a Amurka ya canza tambarinsa da mutane suka saba da shi sama da shekara ashirin, jama'a suka yi masa ca a intanet, cikin mako guda ya koma wa tsohon. A farkon 2009 Tropicana ya sake fasalin kwalin lemonsa, cinikinsa ya faɗi da kusan kashi 20 cikin ɗari a ƙasa da wata biyu, shi ma dole ya koma wa tsohon kwali. Waɗannan kamfanoni ne masu ƙwararru da ofisoshin tsare-tsare, babu wanda zai ce ba su yi shiri ba. A ɗaya gefen kuma, tambarin Nike da duniya ta sani, wata ɗaliba ce mai suna Carolyn Davidson ta zana shi a 1971, aka biya ta dala 35, kuma mai kamfanin kansa bai nuna wani ɗoki a kansa ba a lokacin. Ni abin da na fahimta daga wannan shi ne ido da hannu da sa'a sun fi tulin takardu tasiri.

Malam Mai Tambari

Abu Yasir, na ji daɗin misalan da ka kawo domin na gaske ne, sai dai ina ganin hujjata suke ƙarfafawa. Dubi na Tropicana da kyau. Tsohon kwalin yana ɗauke da hoton lemo da aka soka wa tsinken zuƙa, kuma da wannan hoton ne mai saye ke gane kayan daga nesa a cikin kanti, tun kafin ya karanta suna. Sabon zanen ya cire shi ya sa kofin lemo, wanda kowane kamfani zai iya sawa a kwalinsa. Kyau kam sabon yana da shi, amma tambayar farko, wato da me masu saye suke gane mu, ita ce ba ta samu amsar da ta dace ba. Yawan taro daban, tsari daban. Ana iya yin taro ashirin ba a yi tambayar da ta kamata ba.

Labarin Nike kuwa, ka dube shi ta wajen wadda ta yi zanen, tunda mu a nan masu zane ne. Dala 35 ta karɓa a kan aikin da ya zama fuskar ɗaya daga cikin manyan kamfanonin duniya. Gaskiya ne a 1983 kamfanin ya karrama ta da zobe da hannun jari, amma wannan kyautatawa ce da suka ga damar yi, babu wata yarjejeniya da ta wajabta musu. Ba na zargin ta, ɗaliba ce a lokacin kuma kamfanin ma ƙarami ne. Abin da nake cewa shi ne mai sana'a ba zai jingina abincin iyalinsa a kan fatan wata rana wani zai tuna da shi ba.

Abu Yasir

Na karɓi maganar Tropicana, Malam. A kan Nike kuwa har yanzu ina ganin ko da ta rubuta yarjejeniya mai shafi goma, kamfanin da bai tsaya da ƙafarsa ba ba zai iya biyan ta fiye da haka ba.

Ummu Hanan

Ina bin wannan muhawara da sha'awa, kuma ina da tambayar da ta daɗe tana cina. A inda na koyi aiki an koya mana mu kai wa mai aiki samfuri uku ya zaɓa. Abin da na lura da shi shi ne, sau da yawa wanda na yi don cike gurbi kawai shi ake zaɓa, ko kuma a ce in ɗauko launin na farko da rubutun na biyu da siffar na uku in haɗa, a ƙarshe a fito da abin da ni kaina ba na son a ce ni na yi. Na san labarin shahararren mai zayyana Paul Rand, wanda ya yi tambarin kamfanin kwamfuta na IBM mai ratsi takwas. Lokacin da Steve Jobs ya nemi ya yi wa kamfaninsa na NeXT tambari a 1986, ya buƙaci a kawo masa samfura daban-daban, Rand ya ƙi, ya ce shi zai warware matsalar da hanya guda, a biya shi, in an ga dama a yi amfani da ita, in ba a ga dama ba a nemi wani. Dala dubu 100 aka biya shi. Shin irinmu da ba mu da sunan Rand za mu iya bin wannan hanya, ko kuwa korar masu aiki za mu yi?

Maman Khalil

Ƙanwata, abin da mutane ke mantawa a labarin nan shi ne Rand bai miƙa zane tsurarsa ba. Ya haɗa shi da ɗan littafi wanda ya bi mataki-mataki yana nuna yadda ya yi tunani har ya iso ga wannan siffa, ta yadda kafin mai karatu ya kai shafin da tambarin yake, ya riga ya fahimci dalilinsa. Wannan ɓangaren kowa zai iya kwaikwaya ko ba shi da suna. Ni yanzu samfuri ɗaya nake kaiwa, wani lokaci biyu idan da gaske hanyoyi biyu ne masu ƙarfi, kuma nakan fara da karanta wa mai aikin shafin nan da Malam ya ambata, wanda shi da kansa ya amince da shi. Daga nan sai magana ta tashi daga ina so ko ba na so, ta koma kan ko zanen ya biya buƙatar da muka rubuta. Idan ba ki yi wancan zama na farko ba, to dole ki kai uku, domin lalube kike yi a cikin duhu, kuma samfuri ukun nan hanya ce ta tambayar mai aiki abin da ya kamata ki tambaye shi tun farko, sai dai yanzu da gumin kwana uku kike tambayar.

Wannan ya kawo ni ga yadda ake yanke kuɗin aiki. Na ce ina lissafa awanni, amma don in san abin da aiki ke ci mini nake yi, ba da awa nake sayar da aikina ba. Paula Scher ta kamfanin zayyana na Pentagram ta zana asalin tambarin bankin Citi a kan 'yar takardar goge hannu a zaman farko, bayan haɗewar kamfanonin Citicorp da Travelers a 1998, inda ta mayar da jar lemar da ke tambarin Travelers ta zama baka a saman sunan. Da a ce da awa ake biyan ta, da ƙwarewarta ta zame mata asara, domin duk wanda ya fi iya aiki shi ya fi saurin gamawa.

Mai Ɗab'i

Ni ba mai zayyana ba ne, a maɗaba'a nake aiki, kuma a wurinmu ne rashin shirinku yake bayyana. Kusan kullum sai an kawo mana aikin da aka yi shi da launukan allon kwamfuta, wato RGB, alhali injinmu da tawada huɗu yake bugawa, wato CMYK, sai shuɗin da ke walƙiya a waya ya fito a dushe a takarda, mai kaya ya ce mu muka ɓata masa aiki. Haka nan hoton da aka ɗauko daga intanet, wanda bai kai ɗigo 300 a kowane inci ba, yana da kyau a allo amma a takarda sai ya farfashe. Wasu kuma ba sa barin rarar milimita 3 a gefuna domin yanka, sai wuƙa ta ci rubutu ko ta bar farin layi. Akwai wanda ya kawo tambari mai launi bakwai da inuwa da sheƙi, ya yi kyau ƙwarai, amma da aka zo yin hatimi da ɗinkin riga, inda launi ɗaya ko biyu ake buƙata, sai ya zama dunƙulen baƙi. Na kuma ga aikin da aka gama shi tsaf, sai a ranar bugu aka gane nau'in haruffan da aka zaɓa ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, kwamfuta ta cike gurbinsu da wasu haruffa na daban. Duk waɗannan tambaya guda ce ke maganinsu, kuma minti biyar ta isa a yi ta a ranar farko: a kan me za a buga wannan aiki, kuma da wane girma? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu Yasir

Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu tsarin aiki ɗaya-ɗaya ne, kuma na yarda da shi. Amma tambayar Baban Amira ta asali a kan shekara uku take, kuma a nan nake da shakka har yanzu. A 2013 aka ƙaddamar da Canva, manhajar zayyana mai sauƙin amfani, yau mai ƙaramin kasuwanci yana haɗa tallarsa da kansa a waya. A 2013 ɗin ne kuma Adobe, kamfanin manhajojin zane, ya daina fitar da sababbin manhajojinsa a matsayin abin da za ka saya sau ɗaya ka mallaka, ya koma karɓar kuɗi wata-wata. A 2022 aka janye yawancin launukan Pantone, wato launuka masu lamba da ake daidaita bugu da su, daga cikin manhajojin Adobe, sai wanda ya biya kuɗi na daban. Yanzu kuma ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke fitar da hoto daga jimla guda. Wane ne a cikinmu ya hango waɗannan shekara uku kafin su zo? Idan ƙasa tana motsi haka a ƙarƙashin ƙafarka, me za ka rubuta a takarda wanda ba zai tsufa kafin tawadarsa ta bushe ba?

Maman Khalil

Babu wanda ya hango su dalla-dalla, Abu Yasir, kuma ni ban ɗauki tsari a matsayin duba ba. Amma ka lura da wanda kowane canji ya fi bugawa. Da kuɗin manhaja ya koma na wata-wata, ya zama nauyin da ke kanka ko ka yi aiki ko ba ka yi ba, kamar kuɗin haya, kuma wanda bai sa shi a cikin lissafin kuɗin aikinsa ba daga aljihunsa yake biya bai sani ba. Canva kuma ƙananan fostocin nan na yau da kullum ya fara ɗauka, don haka wanda duk abincinsa a kansu yake shi ya fi jin jiki. Ni da na ga masu aikina sun fara yin tallarsu da kansu, ban tsaya jayayya da su ba. Na koma sayar musu da abin da manhajar ba za ta yanke musu ba, wato tambari, da launukan da za su tsaya a kansu, da nau'in haruffa, da ɗan kundin ƙa'idoji mai nuna abin da ake yi da wanda ba a yi, sannan in shirya musu samfuran da za su riƙa canza rubutu a ciki da kansu. Wannan ba sabon abu ba ne, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi irin wannan kundi tare da tambarin da ta fito da shi a 1975, nawa dai ƙarami ne daidai da ƙaramin kasuwanci.

Abin da ke cikin takardata ta shekara bai wuce shafi ɗaya ba, kuma duk wata uku nake sake duba shi. Akwai irin aikin da nake so a san ni da shi, akwai mafi ƙarancin abin da dole ya shigo a wata kafin in ce na ci riba, akwai ajiyar da za ta riƙe ni idan kasuwa ta yi sanyi, sai kuma wata doka da na sa wa kaina bayan na sha wuya: kada mai aiki guda ya zama shi ke kawo fiye da rabin abin da nake samu. Na taɓa dogara da wani kamfani ɗaya har na daina neman wasu, ranar da suka ɗauki mai zayyana na cikin gida, da saƙo guda suka sallame ni, na yi wata huɗu kafin in farfaɗo.

Baban Amira

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bi shawarar Malam a daren jiya na duba ayyuka goma na ƙarshe. Bakwai daga ciki an gyara su fiye da sau huɗu, babu ko ɗaya da na karɓi kuɗin gyara, uku kuma har yanzu ba a cika mini kuɗinsu ba duk da na riga na miƙa fayil ɗin gaba ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne shida daga cikin goman na mutum ɗaya ne. Shi ne ya fara ba ni aiki tun ina koyo, ya kuma haɗa ni da mutane da dama, bai taɓa ba ni kafin alƙalami ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Malam, yaya zan fito masa da maganar yarjejeniya yanzu ba tare da ya ga kamar na yi masa butulci ba?

Malam Mai Tambari

Kada ka fito da ita a tsakiyar aiki, kuma kada ka aika ta a rubuce tun farko. Ka bari ku gama wanda ke hannu bisa yadda kuka saba, sannan ka same shi ido da ido, ka fara da godiya a kan abin da ya yi maka, domin gaskiya ce kuma ya cancanta. Daga nan ka gaya masa cewa kana gyara yadda kake gudanar da aikinka ga kowa da kowa daga wata mai zuwa, kuma ka ga ya dace shi ya fara ji daga bakinka. Tunda aikinsa yana zuwa a kai a kai, ka ba shi abin da sabon mai aiki ba zai samu ba, misali ku yanke adadin ayyuka a wata a kan kuɗi tsayayye da zai riƙa biya a farkon wata, shi ya san abin da zai kashe, kai ma ka san abin da zai shigo, kuma aikinsa ya riƙa shiga gaban na wasu. Bashin da ke tsakaninku kuwa ka rubuta shi daban, ku sa masa lokaci, kada ka cakuɗa shi da sabuwar magana. Asalin fayil ɗin da ake iya gyarawa kuma, daga yau kada ya bar hannunka sai an cika kuɗi, kafin nan samfurin dubawa kawai za ka tura.

Ummu Hanan

Malam, a kan wannan batu na ƙarshe, idan an cika kuɗin, asalin fayil ɗin yana cikin cinikin ke nan, ko shi ma sai an ambace shi daban a yarjejeniya? Na taɓa miƙa nawa, daga baya na ga an ba wani ya canza launi da haruffa, ana kuma ci gaba da cewa aikina ne.

Malam Mai Tambari

Sai an ambace shi daban, 'yata, kuma dokar haƙƙin mallaka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa rubutawa ta fi dogaro da abin da kowa ya ɗauka a ransa. A tambari nakan miƙa shi, domin mai kamfani yana buƙatarsa duk lokacin da zai buga allo babba ko ƙaramin kati, kuma nakan sa kuɗin hakan a cikin cinikin tun farko. A fosta da makamantanta ba na miƙawa sai an nema an biya. Ki kuma tuna cewa nau'in haruffan da kika saya lasisinsa da sunanki yake, yawanci ba ki da izinin tura wa mai aiki fayil ɗinsa, don haka ko ki mayar da rubutun tambarin ya zama siffa kafin ki miƙa, ko ki gaya masa sunan haruffan ya sayi nasa lasisin.